LAFIYAR IYALI: Azumin Rage Ƙiba

A 'yan watannin nan wasiƙu da dama sun iso wannan fili suna tambaya a kan abu guda. Wata uwargida ta rubuto cewa mata da yawa a zumuntarsu sun daina karin kumallo, wai don su rage jiki. Wani malamin makaranta kuma ya ce ɗansa ya nuna masa a waya cewa in mutum ya hana cikinsa abinci awa 16 kowace rana, tumbinsa zai narke ba sai da magani ba. Tambayoyinsu sun taru a kan uku. Gaskiya ne? Akwai hatsari? Mai bi yana iya haɗa wannan da azuminsa na addu'a?

Ga amsa a taƙaice kafin bayani. I, irin wannan azumi yana rage ƙiba ga mutane da yawa. Amma gwajin likitoci ya nuna bai fi rage yawan abinci na yau da kullum ƙarfi ba. Akwai kuma waɗanda zai cuce su ƙwarai, har ya kai su gadon asibiti.

ME YA SA MUKE MAGANAR ƘIBA?

A wajenmu ƙiba abin yabo ce tun da. In amarya ta yi jiki a gidan miji, sai a ce ta sami hutu, mijinta ya iya riƙo. In ma'aikaci ya ajiye tumbi, sai a ce daɗi ya zo. Da dalilin wannan, gama kakanninmu sun san yunwa, rama kuwa ita ce alamar ciwo da talauci. Amma zaman duniya ya sake. Inji ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa. Babur da mota sun karɓi tafiyar ƙasa. Lemun kwalba, da burodi, da taliya, da soye-soye sun shiga kowace unguwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai tsanani. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma sun rame fiye da yadda ya kamata. Watau matsaloli biyu ne muke da su, wani lokaci ma a gida ɗaya. Ƙiba mai yawa ita ce ƙofar ciwon sukari, da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. Waɗannan cututtuka ne masu cinye kuɗin makarantar yara, su bar gwauraye da marayu.

Kafin mutum ya yi zancen rage jiki, sai ya san ko yana bukata. Ga awo mai sauƙi wanda ba ya cin ko kwabo. Yanki igiya daidai tsawonka, daga ƙafa zuwa ka. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita kaɗan bisa cibiya. In bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, kitsen cikinka ya yi yawa. A asibiti kuma nas za ta gwada nauyinka da tsawonka. Misali, mai tsawon santimita 160, in ya wuce kilo 64 nauyinsa ya haura, in ya kai kilo 77 ya shiga ƙiba mai tsanani.

IRINSA UKU

Wannan azumi ya yi suna ne daga Ingila. A 2012 wani likita mai aiki da BBC, Dokta Michael Mosley, ya yi shirin talabijin a kansa, a 2013 kuma littafinsa ya fito ya bazu ƙasashe da yawa. Likitan ya rasu a 2024. Tsarinsa shi ne mutum ya ci abinci kamar kullum kwana biyar a mako, kwana biyu kuwa ya ci kaɗan ƙwarai, mace kalori 500, namiji 600. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda ake auna man mota da lita. Mace tana bukatar wajen 2,000 a yini, namiji wajen 2,500. Kalori 500 kusan ƙaramar malmalar tuwo ɗaya ke nan da miyar ganye mai ɗan mai kaɗan, da dafaffen ƙwai, da lemun zaƙi guda, tun safe har dare.

Na biyu shi ne yau a yi, gobe a sha. Rana ɗaya a ci rubu'in abincin da aka saba, washegari a ci sosai.

Na uku, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne a tattara dukan cin yini cikin awa takwas, a bar ciki ya huta awa 16. Waɗansu sukan ci daga tsakar rana zuwa ƙarfe takwas na dare, waɗansu daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma.

A lura da wannan da kyau: a cikin ukun nan duka ana shan ruwa. Ba azumin ƙishirwa ba ne.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Ku dubi gidan manomi. Akwai kwanon gari a ɗakin girki, akwai kuma rumbu a tsakar gida. Uwargida ba ta buɗe rumbu muddin akwai gari a kwano. Haka jiki yake. In mun ci tuwo ko shinkafa, jiki yakan mai da shi sukari. Wani ya ƙone shi nan da nan, wani ya ajiye a hanta da tsoka, shi ne garin kwano. Hanta ba ta riƙe fiye da wajen giram 100. Abin da ya ragu sai a mai da shi kitse a zuba a rumbu. Sa'ad da mutum ya yi awa 12 ko fiye bai ci ba, garin kwano yakan ja baya, jiki ya ƙara ɗiba daga rumbu.

Wannan gaskiya ne, shi ne kuwa masu tallar azumin suke kafa hujja da shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, in da yamma aka mayar wa rumbu abin da aka ɗiba da safe, har da ƙari, rumbu ba zai ragu ba ko an shekara. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Wanda yake rage 500 kowace rana zai yi kamar mako biyu kafin ya rabu da shi.

Akwai kuma wani ruɗi a makon fari. Sukarin da ke ajiye a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. In ya ƙare, ruwan ya fita ta fitsari, sai sikeli ya nuna an rage kilo ɗaya ko biyu cikin 'yan kwanaki. Mutum ya yi ta murna, alhali yawancinsa ruwa ne. Mako na uku sikeli ya tsaya, sai zuciya ta karai.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Da fari a kan ɓeraye aka gani. A 2012 masana a Kalifoniya ta Amurka sun ba ɓeraye abinci mai maiƙo. Waɗanda aka bari su ci cikin awa takwas kaɗai ba su yi ƙiba kamar waɗanda suke ci dare da rana ba. Amma mutum ba ɓera ba ne, saboda haka aka gwada a kan mutane.

A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji na jami'ar Illinois a Shikago, wanda aka yi da mutum 100 masu ƙiba har shekara guda. Masu yin yau su sha gobe sun rage kashi 6 cikin 100 na nauyinsu. Masu rage abinci kaɗan kowace rana sun rage kashi 5 da 'yan kai. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka gaji suka bari kuwa sun fi yawa a cikin masu azumi, kashi 38 cikin 100, a ɗaya gefen kashi 29.

A 2020 likitoci a San Faransisko sun gwada mutum 116 har mako 12. Rabi suna ci daga tsakar rana zuwa takwas na dare, ba a ce musu su rage komai ba. Rabi suna ci sau uku kamar kullum. Abin da masu azumin suka rage bai cika kilo ɗaya ba, 'yan'uwansu kuwa sun rage fiye da rabin kilo. An kuma ga alamar cewa kaso mai yawa na abin da masu azumin suka rasa tsoka ce.

A 2022 aka buga wani daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 139, shekara guda. Dukansu an rage musu abinci daidai wa daida, sai dai rabi suna ci daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma kaɗai. Masu kiyaye lokaci sun rage kilo 8, sauran kilo 6 da 'yan kai. Likitocin suka ce ratar ba ta kai a tabbatar agogo ne ya kawo ta ba.

Muna da shaida kusa da gida ma. Maƙwabtanmu Musulmi suna azumin watan Ramadan kowace shekara, masana kuwa sun auna mutane da yawa a ƙasashe dabam dabam. Galibi akan rage wajen kilo ɗaya a watan, yawancinsa kuma yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla.

Darasin a fili yake. Azumin yana aiki ne domin yana taimakon mutum ya ci ƙasa da yadda ya saba. Ga wanda ba ya iya lissafin cokali da malmala, doka guda mai sauƙi, “bayan ƙarfe kaza ba na ci,” ta fi masa sauƙin riƙewa. Wanda kuwa yunwa takan sa shi fushi da ciwon kai, ya rage a kowane kwano, zai kai inda ɗan'uwansa ya kai. Hanyar da za ka iya bi shekara da shekaru, ita ce taka.

WAƊANDA BAI KAMATA SU YI BA

Nan ne muke roƙo a karanta da hankali, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Mace mai ciki da mai goyo. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin kalori wajen 500 a yini. Binciken nan na 2018 ya nuna fiye da rabin matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Jikin da aka yi bayan haihuwa ya jira har a yaye.

Yara da matasa masu girma. Kada yaro ya tafi makaranta da ciki wofi domin uwarsa ta daina hura wuta da safe. A kuma sa ido a kan 'yan mata. In yarinya ta fara ɓoye abinci, tana ƙin ci tare da iyali, tana cewa ta yi ƙiba alhali tana ramewa, ko tana sa yatsa ta yi amai bayan ta ci, wannan ciwo ne mai kisa. A kai ta wurin likita, faɗa da duka ba sa warkar da shi.

Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide. Maganin zai ci gaba da saukar da sukari ko an ci ko ba a ci ba. Alamun su ne rawar jiki, da gumi, da jiri, da ruɗewa, daga nan sai suma. In ya faru, mutumin kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko lemun kwalba nan take, a kai shi asibiti. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. Mai ciwon sukari kada ya sake lokacin cinsa sai da shawarar likitan da ke duba shi.

Mai sikila, da mai ciwon ƙoda, da mai gyambon ciki, da mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, da duk mai shan maganin da aka ce sai an ci abinci. Mai shan maganin hawan jini irin wanda ke sa yawan fitsari shi ma ya tambaya tukuna, gama jiri yana iya kā da shi.

Tsofaffi, da wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, da mai aikin ƙarfi a rana kamar noma da gini, da direba mai doguwar tafiya.

IN KANA SO KA GWADA

Fara da awa 12. Ka gama cin dare da ƙarfe bakwai, kada ka sake sa komai a baki sai ruwa har bakwai na safe. Yawancin lokacin barci kake yi. In ka yi mako biyu lafiya, ka ƙara zuwa awa 14. Ga mutane da yawa wannan ya isa.

In za a matsar da wani ci, gara a jawo na dare ya zo da wuri da a yar da karin kumallo. Al'adarmu ce mu yini da ɗan abu kaɗan, sa'an nan da tara na dare mu zauna gaban tulin tuwo, mu tashi mu kwanta. Jiki kuwa ya fi iya sarrafa sukari da safe. A 2018 an yi ɗan ƙaramin gwaji a jihar Luwiziyana ta Amurka da maza takwas da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Sun riƙa gama cinsu kafin uku na yamma har mako biyar. Ba a bar nauyinsu ya ragu ba, duk da haka awon jininsu ya sauka, jikinsu kuma ya ƙara jin insulin. Mutum takwas ba su da yawa, amma abin ya yi daidai da abin da likitoci suka sani game da cin dare.

Wannan shawara ce ta gida duka. Maigida, in kana so tuwo ya sauka da wuri, sai ka ba da cefane da wuri, ka kuma dawo gida da wuri. Uwargida, in kin ɗaga naki cin, kada ki ɗaga na yara. Ko ba kwa ci, ku zauna tare da iyali a yi addu'ar godiya.

Kada ka yi cin ramuwa. Wanda ya yini bai ci ba, ya buɗe baki da fanke da cincin da lemun kwalba, aikin banza ya yi. Kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi takwas ko tara. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Zoɓo da kunun zaƙi da shayi mai kauri, in an cika musu sukari, duk tafiyarsu ɗaya. Raba kwanonka haka: rabi ganye, kamar zogale, rama, alayyafo, kabeji ko yakuwa. Rubu'i tuwo ko acca ko doya. Rubu'i mai gina jiki, kamar wake, alale, awara, ƙwai, kifi ko nono. Wannan rubu'i na ƙarshe shi ke tsare tsoka kada ta zube tare da kitse.

Sha ruwa da yawa, musamman a bazara. Fitsari ya zama fari-fari, in ya yi ja ruwa ya yi kaɗan.

Motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, watau tafiya da sauri rabin awa, kwana biyar. Tafiya sujada da ƙafa tana cikin lissafi. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 2002, da mutum fiye da 3,000 masu hatsarin ciwon sukari, ya nuna waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da wannan tafiya, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan kawai. Ba sai ka koma kamar lokacin da kake saurayi ba.

Rabin kilo a mako ya wadatar. Rama ta gaggawa takan jawo tsakuwa a matsarmama. Sannu ba ta hana zuwa. Ku guji shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake talla a kasuwa da cikin mota. Da yawansu zawo da fitsari kawai suke sawa, ruwa ya fita, kitse yana nan. In ka ji jiri, ko bugun zuciya, ko ka suma, ko mace ta ga al'adarta ta rikice, a tsaya a ga likita.

AZUMIN ADDU'A DABAM NE

Yanzu ga tambaya ta uku. Azumi ba baƙo ba ne ga ekklesiya. Masu bi na farko sukan yi azumi ran Laraba da Jumma'a, kwana biyu a mako ke nan tun kafin likitan Ingila. 'Yan'uwanmu na Habasha har yanzu sukan kai ƙarfe uku na yamma ba su ci ba a kwanakin babban azuminsu kafin Ista. Amma nufin dabam ne. A Matiyu sura 6 Ubangijinmu ya koya mana mu yi azumi a asirce, domin Uba, kada mu nemi mutane su gani. Mai rage ƙiba kuwa sikeli yake kallo, yana jin daɗi in an lura. Ba laifi ba ne mutum ya kula da jikinsa, gama 1 Korantiyawa sura 6 ta tuna mana jikin nan haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Sai dai a kira kowane abu da sunansa. Kada mu ce wa 'yan'uwa muna neman fuskar Allah alhali tsohuwar riga muke so ta shige mu.

Muna da roƙo ga fastoci da dattawa. Sa'ad da ekklesiya ta sa azumi na kwana uku, ko bakwai, ko 21, a faɗa daga bagade a fili cewa masu ciki, da masu goyo, da yara, da marasa lafiya an ɗauke musu. Akwai masu ciwon sukari da suke jin kunyar ci, suna tsoro kada a ce bangaskiyarsu ta kasa, har su faɗi a cikin sujada. Wanda ya ci domin ya sha maganinsa bai yi zunubi ba. Yana iya ƙin nama, ko shayi, ko waya da talabijin, ya ba da lokacin ga addu'a.

Akwai wuri guda da azumin biyu za su iya haɗuwa. Ishaya sura 58 ta haɗa azumi na gaskiya da ciyar da mayunwaci. Wajen shekara ta 125 wani Kirista mutumin Atina mai suna Aristides ya rubuta wa sarkin Roma bayanin halin masu bi. Ya ce in akwai matalauci a cikinsu, su kuwa ba su da rara, sukan yi azumi kwana biyu ko uku domin su ba shi abincin. A ƙasar da wani yake fama da tumbi, ɗan maƙwabcinsa kuma yana kwana da yunwa, wannan shawara ba ta tsufa ba. Uwargida, in gidanku ya rage awo, ki ajiye wani kwano a gefe, ki riƙa zuba abin da aka rage. Ƙarshen wata za ki ga mudu ɗaya ko biyu. Kin san gwauruwar da za ki kai wa.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba gishiri da dunƙulen miya da hawan jini. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu hikimar riƙon ta.